Sharhi: Tafkunan Filato, a Je a Gani Amma a Fara Tambaya

Sharhinmu na yau zai hau da mu kan tsaunukan jihar Filato.

Duk wanda ya taso daga Akwanga, mota ta yi nishi ta haye Hawan Kibo, ya san inda iska take sauyawa. Zafi ya tsaya a ƙasa, sanyi ya tare ka, duwatsun Riyom suna goye da juna a gefen hanya. Garin Jos kansa yana kan tudun da ya kai mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar tsaunin Shere kuwa ta haura mita 1,800. Daga wannan tudu kogin Kaduna da kogin Gongola suke samo asali, ruwan Dilimi da ya ratsa Jos shi ma ya gangara ya nufi ƙasar Jama'are. Abin da ya fi ɗaukar idon baƙo dai shi ne tafkunan da ke warwatse hagu da dama, daga Rayfield zuwa Bukuru, daga Bukuru zuwa Barikin Ladi. Ruwa kwance shuɗi, wani kore, ga jan tudu a bakinsa, ga itatuwan turare sun yi masa layi. Ranar Sallah ko Kirsimeti sai ka ga matasa sun cika bakin ruwan Rayfield, ana shiga kwale-kwale, ana ɗaukar hoto.

Wannan fita abu ne mai kyau, kuma muna son ta ƙaru. Mutumin Kano ko Katsina da bai taɓa ganin hazo ya sauka a kan ruwa da sassafe a ƙasarsa ta haihuwa ba, ya kamata ya je, gani ya kori ji. Damuwarmu ita ce, cikin masu zuwa, kaɗan ne suka san abin da suke kallo.

Galibin waɗannan tafkuna ramukan kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka dira a Filato suna haƙa. A 1914 aka kawo siririn layin dogo daga Zariya don kwasar kuzar. Leburori suka yi ta kwararowa daga ƙasar Hausa da Barno da sauran sassa, aka kakkafa barikoki, shi ya sa har gobe za ka ji sunayen Hausa a tsakiyar ƙasar Birom: Barikin Ladi, Dorowa Babuje, Sabon Gida Kanar. Da farko da diga da shebur da kwano a ka ake aikin, daga baya aka kawo manyan injuna masu yashe ƙasa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar majiyarta ta kuza ana tsakiyar yaƙi, sai ta juyo kan Filato. Aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ala tilas, dubun dubata, ana kai su haƙa cikin sanyin da ba su saba da shi ba, ga ƙarancin abinci, ga rashin mayafi. Da yawa ba su koma gida ba. Wanda kakansa ya fito daga Zazzau ko Bauci ko Sakkwato, in ya tsaya a bakin ɗaya daga cikin ramukan nan, ya sani mai yiwuwa gumin danginsa yana ciki. Su kuma 'yan ƙasa, gonakinsu ne aka tone aka bar musu rami.

Kasuwar kuza ta yi ta ja da baya har ta rushe a duniya a 1985. Kamfanoni suka watse, ba a cike ramukan ba, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika su. Ɗaruruwa ne, kuma a nan haɗarin yake.

Tafkin da Allah ya yi, ko kududdufin bayan gari, yawanci a hankali yake zurfafa, ka taka zuwa idon sawu, ka ƙara zuwa gwiwa, in ka ji tsoro ka juyo. Ramin kuza ba haka yake ba, bakinsa a tsaye aka yanke shi kamar rijiya. Taku biyu daga gaɓa ƙafa ta daina taɓa ƙasa. Ruwan saman yana iya yin ɗumi da rana, na ƙasa kuwa sanyi ƙarara, mai sa jijiya ta ɗaure ko ga wanda ya iya iyo. Can ƙasa laka ce mai riƙe ƙafa, gaɓar kuma tarin ƙasar da aka zubar ce, tana zaftarewa da damina. Mutanen Jos ta Kudu da Barikin Ladi ba sa buƙatar a ba su labari, sun sha binne yara da ɗalibai da baƙin da suka je wanka ko hoto. Abin takaici, ka zagaya tafkuna da yawa ba ka ga allo ko ɗaya da ya ce nan akwai zurfi ba.

Akwai kuma baƙin yashin da ake bari bayan an wanke kuza. Masana a jami'o'inmu sun daɗe suna gargaɗi cewa yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin da ke cutar da jiki a hankali. Kada a bar yara su yi wasa a kansa, kada kuma a ɗebe shi a yi yaɓen ɗaki.

To amma kada mai sauraro ya ɗauka ramukan nan masifa ce zalla. Ka je da rani ka ji ƙarar injin ban ruwa ta ko'ina. Mutanen wurin, da ba a bar musu komai ba sai rami, sun mai da ramin arziki. Kabeji da karas da latas da tumatir da ake lodi a kasuwar Farin Gada zuwa Abuja da kudancin ƙasar nan, da yawansu da wannan ruwa aka shayar da su, haka ma wani kaso na dankalin Turawan da jihar ta yi suna a kansa. Makiyayi a nan yake shayar da shanunsa, wasu kuma sun zuba kifi. Saboda haka baƙon da ya je da mota ya taka kunyar mai lambu, ya ci ya watsar da leda da robar lemo a ruwa, ya sani abincin wani ya ɓata. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka sayi abin da suke sayarwa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma shi ne zai gaya maka gefen da ba a taka wa.

Ba duka ruwan Filato ne na haƙa ba. A Kurra akwai madatsun kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929 don bai wa ma'adinai lantarki, kuma har yanzu yana ba da wuta. Dam ɗin Lamingo da ke gindin Shere yana cikin masu shayar da Jos. A ƙaramar hukumar Mangu kuwa, kusa da Kerang, akwai tafkin Pidong, wanda yake zaune a bakin tsohon dutse mai aman wuta, abin da ba kasafai ake gani a Najeriya ba. Wannan kaɗai ya isa a yi masa tattaki.

Ba za mu ɓoye maganar tsaro ba. Mangu da Bokkos da Barikin Ladi da Riyom sun sha zubar da jini a shekarun nan, kuma ko wane ɓangare yana da kabarin da yake kuka a kai. Mai niyyar zuwa ƙauyukan nan ya bincika halin da ake ciki kafin ya tashi, ya yi tafiyar rana, ya sami ɗan gari ya raka shi.

Kiranmu ga gwamnatin jihar Filato da ƙananan hukumominta ba mai tsada ba ne. A auna zurfin tafkunan da ke kusa da gidaje da makarantu, a kafa alluna da Hausa da Turanci da harsunan yankin, a killace masu mugun baki. Inda ake karɓar kuɗin shiga, a tilasta ajiye rigar ruwa da wanda ya iya ceto. Gwamnatin tarayya, wadda ma'adinai ke hannunta kuma ita ke ba da lasisi, kada ta bar masu haƙa na yau su tafi su bar sabbin ramuka a buɗe. Malaman makaranta masu kai ɗalibai yawon buɗe ido, da iyaye masu shirin fita da yara a lokacin hutu, don Allah kada ku bar kowa ya shiga ruwan da ba a gaya muku zurfinsa ba.