Akwatin Kayan Kaboyi

A shekarar 1966 Moustapha Alassane, wanda daga baya ya zauna a Tawa shekaru masu yawa, ya fito da wani gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier, wato komowar ɗan yawon duniya. Wani saurayi ne ya dawo gida daga ƙasar waje da akwati cike da kayan kaboyi: huluna masu faɗin baki, takalma, ɗamara da bindigogi. Ya rarraba wa abokansa. Nan take kowa ya ajiye sunan da aka raɗa masa da rago, ya ɗauki na silima, wannan Black Cooper, wancan Billy Walter, budurwar da ke cikinsu kuma ta zama Reine Christine. Ba a jima ba suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu, suka raina dattawa, daga ƙarshe fitinar ta koma tsakaninsu.

Abin lura shi ne, cikin akwatin nan babu sana'ar kaboyi ko ɗaya. Kaboyin gaskiya a Amurka makiyayi ne, ɗan ƙwadago mai bin shanun wani cikin rana da ƙura don ɗan abin da za a biya shi. Makiyayin Dakwaro ya fi samarin nan kama da shi nesa ba kusa ba. Hula suka ɗauka, da salon tafiya, da yadda ake ɗaga murya. Haka nan ne mafi yawan darasin da yaro ke kwasowa daga majigi: abin da ido ya kama shi ke zama, abin da ya biyo baya kuwa sai ya bi iska.

Alassane bai ƙago wannan hali ba, ya gan shi ne a titi. Shekara 8 kafin nan, a 1958, Bafaranshen nan Jean Rouch ya fito da fim ɗin Moi, un noir, wanda ya ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan, tare da samarin Nijar da suka je cin rani. Oumarou Ganda, tsohon sojan da ya yi yaƙin Indoshin, yana dako a bakin tashar jiragen ruwa, amma sunan da yake amsawa shi ne Edward G. Robinson, na wani ɗan wasan Amurka. Abokinsa mai tallar yadi Eddie Constantine ne, yarinyar da yake so kuwa Dorothy Lamour. Bai kamata a yi musu dariya ba. Wanda ya wuni yana ɗaukar buhu, ba a san sunansa ba, ba a tambayi na ubansa ba, in ya ari sunan jarumi mutunci yake nema, kuma neman mutunci ba laifi ba ne. Sai dai fim ɗin bai yi musu ƙarya ba. Robinson ya sha duka a hannun wani Bature ɗan jirgin ruwa, Constantine ya ƙare a gidan kaso, aka koma dako kamar kullum. Shi kuwa Ganda, abin da ya ɗauka daga silima ya wuce suna, don aikin kansa ya koya. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar lambar FESPACO a Wagadugu, karo na farko da aka ba da ita, kuma gidan raya al'adu na Yamai sunansa yake ɗauke da shi.

Ma'aikata ma ba su tsira daga idon Alassane ba. A 1972 ya yi F.V.V.A., haruffa huɗu da ke nufin mace, mota, gida na zamani da kuɗi a Faransanci. Ali ƙaramin ma'aikaci ne mai zaman lafiya da albashinsa, har aka ja shi cikin hidimar da ta fi ƙarfinsa. Ya sa hannu a kuɗin da ba nasa ba, aka kama shi, masu cin arzikinsa suka watse, matarsa ta fari ita kaɗai ta tsaya masa. Abin takaici, da yawa sun riƙe haruffan nan huɗu kamar jerin abin da ake so a samu kafin furfura, sun manta inda suka kai mai su. Kuma yaro bai bukatar tikitin silima kafin ya haddace su. Ya ga wanda ake shimfiɗa wa darduma a wurin ɗaurin aure, ya ga wanda maroƙi ke kiran sunansa sau uku, ya kuma ga mushen lakwal da ya yi shekara 30 yana koyarwa an bar shi tsaye a rana. A shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, musamman bayan karya darajar sefa a Janairun 1994, yara da yawa sun kammala lissafinsu a kan karatu da aikin gwamnati ba tare da wani fim ya gaya musu kome ba.

Duk da haka fim yana da wata adalci da talla ba ta da ita. Fim yana da ƙarshe, wanda ya yi haƙuri ya zauna zai ga inda mugu ya kwana. Talla kuwa an gina ta ne don ta tsaya a rabi. Tun 1954 kamfanin taba Marlboro ya fara amfani da hoton kaboyi, namiji shi kaɗai bisa doki, ba mai ba shi umarni. Hoton ya zagaya duniya, ya shigo nan bisa kwalaye da alluna, a daidai zamanin da fataucin sigari zuwa Najeriya ta Maraɗi da Ƙwanni ya azurta mutane da dama. Ba lafiya ko daɗin ɗanɗano hoton ke yi wa yaro alkawari ba. Girma yake sayar masa, kara ɗaya, da ƴan canjin da ke aljihunsa. Sauran labarin ba a liƙa shi a bango ba. Wayne McLaren, ɗaya daga cikin waɗanda suka fito a tallar, ya mutu a 1992 da ciwon dajin huhu yana da shekara 51, bayan ya ƙarar da kwanakinsa na ƙarshe yana jan kunnen mutane game da taba. David McLean ya bi shi a 1995 da irin wannan ciwo. Sai a 2006 Nijar ta kafa dokar yaƙi da shan taba, wadda ta hana tallarta.

An hana ta sigari, amma dabarar tana nan daram. Man shafawa mai sa fata haske ana nuna shi ne a fuskar wadda kowa ke juyowa ya kalla, ba a nuna fatar bayan shekara 10. Cacar ƙwallo ta wayar salula tana nuna wanda ya ci, ba ta nuna dubban da aka tara kuɗinsu aka biya shi. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin wannan, don shi ma in yana ciniki bakin atamfa mai kyau yake fara warewa. Bambancin shi ne, mai saye a kasuwa yana iya cewa a buɗe turmin duka ya duba, yaro gaban tele ko waya bai san akwai sauran turmi ba.

Masu cewa a rufe kome a huta suna da hujjarsu, amma an ga iyakarta. Manyan gidajen silima na dā sun mutu da kansu tun da kaset ɗin bidiyo ya shiga gidaje, fina-finan Indiya da na Kano suka maye gurbi, yau kuma majigin yana cikin aljihun kowane yaro. Abin da ya ɓace shi ne mai fassara. A dā akan fito daga silima a tsaya a yi gardama, wani ya ce jarumin ya yi daidai, wani ya ce wauta ya yi, har babban wa ya sa baki. Yanzu kallon na mutum ɗaya ne, cikin dare, ba mai tambayarsa me ya fahimta.

Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta nuna inda rashin mai fassara ke kaiwa cikin fim ɗinta Zinder na 2021, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara. A ciki akwai ƙungiyar samari majiya ƙarfi, masu ɗaga ƙarfe, da suka sa wa kansu suna Hitler, har da tuta. Da aka ji ta bakinsu, sai ya kasance a zatonsu wani jarumi ne na Amurka da ba a taɓa kayarwa ba. Ba su san Jamus ba, ba su san miliyoyin da aka hallaka tsakanin 1939 da 1945 ba. Mafi yawansu ba su yi nisa a lakwal ba, aikin yi kuma babu, wasu da fasa ƙwaurin man fetur daga kan iyaka suke ci. Mai fim ɗin ba ta tsaya daga nesa tana zaginsu ba, ta zauna da su ta saurara, kuma abin da ɗayansu ke buri bai wuce ya buɗe kamfanin gadi ba, ya ɗauki abokansa aiki.