RA'AYINMU: A Daina Sayar Da Matacciyar Rediyo, A Kawo Ta Aji



A zangon da ya wuce mun yi darasin maganaɗisu. Mun kwafi zanen allo, mun haddace, mun zuba a jarrabawa, amma yawancinmu ba mu taɓa riƙe shi a aji ba. Alhali gidaje da yawa a Kafur suna da rediyo ko lasifikar da ta mutu, ana jiran 'yan gwangwan su saye ta da kuɗin alawa.

Ranar Asabar mun buɗe wata tsohuwar rediyo da izinin mai ita. A bayan lasifikar akwai zagayayyen maganaɗisu, da siririyar wayar tagulla a naɗe, manne da wata baƙar takarda mai kama da faifai. Muka zuba gero a kan takardar, muka taɓa wayoyin biyu da batirin tocila. Sai gero ya yi tsalle! Wuta ce ta bi wayar, maganaɗisu ya ture ta, takardar ta girgiza. Irin wannan girgizar ce ke kaɗa iska har mu ji muryar mai karanta labarai. Lallai gani ya kori ji.

Wasu za su ce wasan yara ne. To ai a 1820 wani malami ɗan ƙasar Denmak, Oersted, da waya da batir da allurar kamfas ya gano cewa wutar lantarki tana da alaƙa da maganaɗisu. Yau masana suna binciken maganaɗisu ƙanana da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. A cikinsu ƙarfin maganaɗisu yana tafiya kamar igiyar ruwa, girgizar jikinsu tana sauya wannan igiyar, ita ma tana sauya girgizar. Fatansu a samu kwamfuta da waya marasa shan caji. Mu da ke biyan mai caji, ai abin ya shafe mu.

Don haka muna roƙon iyayenmu su ba mu matattun rediyoyinsu. Muna roƙon malaminmu na kimiyya ya ware mana kwali ɗaya na ajiya, ya kuma tsaya a kanmu. Sharaɗi: batir kawai, ban da talabijin, ban da wutar NEPA.

Wanda ya samu, ya kawo wa ƙungiyarmu ranar Litinin bayan asambuli.

Daga wakilan aji biyu, Ƙungiyar 'Yan Jarida.