Kwamfutoci Biyar, Baki Ɗaya

Daga Zauro zuwa Birnin Kebbi, ɗaukewar wuta da yankewar sabis ba baƙon abu ba ne. Irin wannan matsala ce ginshiƙin wata tsohuwar tambaya a ilimin kwamfuta: yaya na'urori da yawa za su tsaya a kan magana ɗaya, alhali wasu sun mutu, saƙo kuma ya ɓata a hanya?

Leslie Lamport ya amsa da tsarin Paxos, wanda aka buga a 1998. Wuyar fahimtarsa ta sa Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka fito da Raft a 2014: na'urorin su zaɓi shugaba, kuma babu abin da zai tabbata sai mafi rinjaye sun rubuta shi. Cikin biyar, uku sun isa.

Ya kamata ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na jami'ar jiha da ke Aliero su rubuta Raft da hannunsu, ba don kasuwa ba, don koyo. A takarda komai sauƙi gare shi. Sai ɗalibi ya zare wayar shugaba, ya ga na'urori biyu kowace tana iƙirarin sarauta, sannan zai gane dalilin ba kowane zaɓe lambar zango, da dalilin da tsohon shugaba ke sauka da zarar ya ga lambar da ta fi tasa. Tsofaffin kwamfutoci uku sun isa wannan gwaji.