Magana A Kan Gyaran Makewayi A Gidan Gado

Wannan magana ce zuwa ga malamai da attajirai mazauna gidajen gado, irin na Madabo da Koƙi da sauran tsofaffin unguwannin birnin Kano.

Ya zama al'ada, idan Allah ya buɗa wa mutum, abin da ya kan fara taɓawa a gidan ubansa shi ne makewayi. Wannan kuwa daidai ne, gama wurin kama ruwa da wankan tsarki ba abin rainawa ba ne. Amma da yawa su kan fara aikin ta inda ya kamata a ƙare. Sai a sayo tayil mai sheƙi da kujerar tangaran, a yaɓe bango da siminti, ba wanda ya tambayi inda ruwan zai tafi.

Magabata da tubali suka yi gini, makewayinsu kuwa a sarari yake can ƙuryar gida, rana tana busar da shi, mai wanka ƙwarya ɗaya ta ishe shi. To, in aka binne bututu a cikin bangon ƙasa ya riƙa yoyo, ba mai gani. Siminti ba ya kama jikin ƙasa, ba ya kuma barin danshi ya fita, sai gindin bango ya ruɓe a ɓoye, har ruwan watan Agusta ya zo ya kayar da shi, watakila a kan masu barci. Saboda haka bututu a waje za a bi da shi, inda ido ke gani. Mai hali kuma ya tayar da ɗaki na bulo daban, kada ya jingina shi da tsohon bango.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne rijiya. Kowane almajirin da ya karanta Ahalari ko Risala ya san ruwan tsarki shi ne wanda najasa ba ta sāke launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba. Wannan hukuncin alwala ne, kada a ɗauke shi shaidar lafiyar ciki, domin ƙwayar kwalara, watau amai da gudawa, ba ta sāke ko ɗaya daga cikin ukun. A shekarar 1854 annobar ta faɗa wa wata unguwa a birnin Landan, wani likita, John Snow, ya bi diddigi har ya kai ga rijiyar da mutanen ke sha. Daga baya aka tarar da ramin salga dab da ita. Ruwan kuwa garau yake, har wata tsohuwa mai zama nesa ana ɗebo mata shi domin daɗinsa, ita ma ya zama ajalinta. A ƙasar nan, a 2021 kaɗai, mutum fiye da 100,000 aka ƙidaya sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Kano tana cikin inda abin ya fi tsanani.

Ma'aikatan tsabta sun ce a bar mita 30 tsakanin salga da rijiya, wajen ƙafa 100 ke nan. Ina gidan da ke da wannan fili a cikin birni? Tun da babu, tilas a ɗaure ramin da siminti ƙasa da gefe yadda ba zai tsiyaye ba, in ya cika a kira masu kwashewa, ruwan rijiyar kuma a tafasa shi kafin a sha. Sa'an nan mai gida ya leƙa bayan katangarsa tun ba a sa diga ba, gama sau da yawa rijiyar maƙwabci ta fi tasa kusa da ramin. Wanda ya gurɓata wa maƙwabcinsa ruwan sha, ko ya saki ƙazamin ruwa a lungun da ake bi zuwa masallaci, haƙƙi yana wuyansa, ko da makewayinsa ya fi na sarki kyau.

Batun alƙibla, malaman Malikiyya sun yi sauƙi ga wanda ke cikin gini, amma tun da ana cikin aiki, juya bakin masai kudu ko arewa ba ya cin ko kwabo, an kuma fita daga saɓanin malamai. A karkata daɓen ƙasa zuwa magudana domin kada ruwa ya kwanta ya fantsamo wa tufafi. Tayil kuma a zaɓi mai kaushi, saboda tsofaffin gidan su ne masu shiga da asuba cikin duhu, ƙashinsu kuwa in ya karye ba ya ɗoruwa da wuri.