Ajiya Ce Ko Rance? Magana Kan Asusun Banki Biyu

  

Ya ku malamai da almajirai na Shika da Samaru da Sabon Gari, idan kaka ta yi, aka sayar da masara, ko aka tara kuɗin gyaran masallaci, sai a nufi banki a Samaru ko PZ. Akawu ya ce, "Karent ko sebins?" Mutum ya ce, "Wanda ya fi sauƙi." Alhali kuwa mas'ala ce ta fiƙihu.

Ku sani, sunan ajiya da ake kiran kuɗin banki da shi ruɗi ne. Abin da aka ba mutum amana ba ya juya shi, in ya salwanta ba da sakacinsa ba kuwa, ba ya biya. Banki yana juya kuɗinka, kuma ya lamunce biyansu ko ta halin ƙaƙa. Wannan rance ne. Kai ne mai ba da bashi, banki ne mai ci.

To, a karent ba a yi maka alkawarin ƙari. Ana neman shaidu biyu kafin a buɗe, a ba ka littafin cek, ka ɗiba yadda ka so. Kai ne ma ke biya: a 2016 Babban Bankin Najeriya ya yarda a cire har naira 1 cikin kowace 1,000 da ka fitar. A sebins buɗewa da sauƙi, shi ya sa talaka ya fi faɗawa can, amma ana zuba maka kuɗin ruwa. Duk wanda ya kai babin ciniki a Risala ya san hukuncin rancen da ya jawo amfani. Wani ya ce ai 'yan nairori ne, ba su sayen ko goro. Yaushe ƙanƙanta ta halatta riba? Sai ka ga malamin da ba ya alwala da ruwan da launinsa ya jirkita, amma kuɗin makarantarsa shekara da shekaru suna haihuwa, bai taɓa tambaya ba.

Da ana kafa hujja da lalura. Amma Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, dukkansu ba su mu'amala da ruwa. A irinsu karent rance ne ba ƙari, asusun riba kuwa ƙiradi ne: dukiyarka, aikinsu, a raba riba bisa kason da aka ambata, hasara kuwa tana iya shafar dukiyarka.

A ganinmu kuɗin jama'a kada su kwana inda ake ƙara musu ruwa. Abin da ya riga ya shiga a ƙidaya shi daga takardar lissafi, a ba mabukata, kada a sa shi cikin ginin masallaci. Kuma ko a bankin Musulunci ne, ku ce wa akawu ya nuna muku sunan ƙullin a rubuce kafin ku sa hannu.