Kabu-kabu a Sararin Sama

Kowa ya san kabu-kabu, watau mutum ya sayi mota don hawan kansa, in aljihu ya yi sanyi sai ya riƙa ɗaukar fasinja a ɓoye, ba fenti, ba lasin haya. To, wannan sana'a ta hau sama. Akwai attajirai masu jirgin sama na kansu waɗanda ke ba da shi shata ga wanda ya biya, wasu bisa ƙa'ida, wasu kuwa ta bayan gida. Na farko ciniki ne mai riba da hasara kamar kowane ciniki. Na biyu ganganci ne da rayukan bayin Allah, ya kuwa kamata a kira shi da sunansa.

Abin da ke sa mai jirgi sha'awar ba da shata ba ɓoyayye ba ne. Jirgi, ko ya tashi ko bai tashi ba, ci yake yi, kamar doki a turke. Akwai albashin matuƙa da kuɗin horonsu, da kuɗin rumfar da za a ajiye shi, da inshora, da duban makanikai wanda tilas a yi in wa'adinsa ya cika. Galibin masu jiragen nan kuwa ba kullum suke tafiya ba. Saboda haka in an sami wanda zai ɗauka ya biya a kan kowace awa, nauyin ya ragu. Matuƙa ma hannunsu ba ya yin sanyi, na'urori kuma ba sa lalacewa don zama. Wannan amfani ne na gaskiya, ba mai musunsa.

Amma fa sai a duba ɗaya gefen. Injin jirgi da awa ake lissafa ransa, ƙafafunsa kuwa da yawan sauka. Kowace awa da ɗan haya ya ci tana kusantar da ranar da za a kwance injin a yi masa babban gyara, tana kuma rage darajar jirgin ranar sayarwa. Kamfanin da ke nemo masu haya zai cire kasonsa, ga kuɗin mai, ga kuɗin sauka. Sau da yawa jirgi zai kai mutum ya komo wayam. Sannan ranar da maigida ya tashi da tafiyar gaggawa, sai a ce masa jirginsa yana Legas da baƙi, alhali don gudun jira ya saye shi. Haya tana rage ɗawainiya, amma da wuya ta mai da jirgi abin arziki.

Har sunan mutum ma yana cikin abin da ake ba da haya. A watan Satumba na 2014 hukumomin Afirka ta Kudu suka kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 cikin wani jirgi da ya taso daga Nijeriya ya sauka a filin Lanseria, kusa da Johannesburg. Mai jirgin ya ce ya ba wani kamfani haya, bai san abin da aka ɗauka ba. Duk da haka sunansa jaridu suka yi ta bugawa.

Wanda ya auna duk wannan ya ga zai iya, hanya a buɗe take. Sai ya miƙa jirginsa ƙarƙashin kamfani mai takardar izinin ɗaukar fasinja don kuɗi, ya yarda a riƙa bincikensa, a ƙayyade awoyin aikin matuƙa da na hutunsu, a sayi inshorar kasuwanci. Dokar Nijeriya ta raba wannan takarda da ta mai jirgin hawan kansa, wadda ta hana shi karɓar ko kwabo daga fasinja. Masu kabu-kabu wannan tsanani suke gudu, shi ya sa farashinsu ke da sauƙi. Hausawa kuwa sun ce araha ba ta ado.

Masu kare su sukan ce ai jirgin nasa ne, ɗan haya kuma ba tilasta shi aka yi ba. Wannan magana ba ta da ƙafa. Fasinja ba ya iya leƙa cikin inji, ba ya kuma tambayar matuƙi lasinsa. Ya dogara ne ga cewa hukuma ta duba a madadinsa. A ran 21 ga Janairu 2019 wani ƙaramin jirgi ya faɗa teku tsakanin Faransa da Ingila, ɗauke da ɗan ƙwallon Ajantina Emiliano Sala, mai shekara 28, daga Nantes zuwa Cardiff. Shi da matuƙin duka suka rasu. Bincike ya nuna matuƙin ba shi da lasin ɗaukar fasinja don kuɗi, ba a kuma yarje masa tuƙin dare ba, ga hayaƙi mai guba da ya shiga cikin jirgin. A 2021 kotu ta ɗaure wanda ya shirya tafiyar wata 18. In mota ta lalace sai a tsaya a gefen hanya a nemi inuwa. Sama kuwa ba ta da gefen hanya.

Ban da rai, akwai haƙƙin jama'a. Mai hayar ɓoye ba ya biyan abin da kamfanoni masu izini ke biya, ya kuma ƙwace musu ciniki. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da jiragen sama ta Nijeriya ta dakatar da izinin masu jirgi 3 saboda wannan laifi. A 2025 kwamitin da Ministan Jiragen Sama Festus Keyamo ya kafa ya ce ƙasa ta yi hasarar fiye da naira biliyan 120 cikin shekara 10. Kuɗin nan na talakan da bai taɓa taka matakalar jirgi ba ne.

Saboda haka wanda Allah ya hore wa jirgi sai ya zaɓi ɗaya: ko ya ɗauki ɗawainiyarsa shi kaɗai, ko ya shiga haya ta ƙofar gaba ya bi dokokinta. Mai neman shata kuma ya nemi a nuna masa takardar kamfani tun bai biya ba. Hukuma kuwa kada ta ji nauyin rawani ko girman riga, gama dokar da ta kama direban kabu-kabu a tasha ita ya kamata ta kama ubangidansa a filin jirgi.