A Kafa Gasar Wasannin Kwamfuta, Amma A Fara Daga Karkara

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta bar ba da jarrabawarta a kan takarda, kowane ɗalibi sai ya zauna gaban kwamfuta. Sau da yawa yaron Burumburum ko na Doguwa, komi ƙoƙarinsa a aji, ba ya samun zama sosai da wannan na'ura sai ran jarrabawa. Yana laluben inda zai danna, lokaci na tafiya. Wannan hasara ce da bai kamata mu zura mata ido ba.

A ganina akwai magani mai araha, watau Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Kano ta kafa gasar ƙirƙiro wasannin kwamfuta na koyarwa tsakanin makarantun sakandare. Abin ba baƙo ba ne a duniya. A birnin Olando na Amurka ana yin irin wannan gasa tun shekarar 2006, inda ɗalibai da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati ke gwada wasannin horar da soja da likitoci da 'yan makaranta. Kai, wasan nan Oregon Trail da ya koya wa yaran Amurka tarihin ƙasarsu, malamai uku masu neman sanin makamar aiki ne suka shirya shi a 1971.

Na san wasu iyaye za su ce wasa ɓata lokaci ne. To, amma wane dattijo ne zai ce dara ba ta kaifafa tunani, ko kacici-kacici bai koya mana Hausa ba? Yaron da aka ce ya shirya wasa dole ya fahimci darasin tukuna, don ba ya iya koya wa na'ura abin da shi bai gane ba.

Abin da za a gina wasannin a kai kuwa ga shi nan birjik a kudancin jihar. Ɗan Bebeji na iya shirya wasan raba ruwan madatsar Tiga ga manoman rani, a lissafa taki da iri da riba. Ɗan Doguwa ga dajin Falgore da namun dajinsa, ga kuma tarihin haƙar kuza a Riruwai. Lissafin rabon gado kaɗai ya isa wasa guda. A sa sharaɗi a yi su da Hausa, su kuma yi aiki a ƙaramar waya ba tare da intanet ba.

Inda nake jin tsoro shi ne a yi bikin a cikin birni, 'ya'yan makarantun kuɗi su kwashe kyaututtukan. Saboda haka a fara zagayen farko a Kiru da Tudun Wada, a ba kowace makaranta kwamfuta da wutar sola wata shida kafin ranar gasa, Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil kuma ta ba da alƙalai.